Tsakanin Ajin Jami'a da Kantin Kwari

Tun zangon karatu na 2007/2008 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa ɗaliban jami'o'in Najeriya darasin sana'a da kasuwanci kafin su karɓi digiri. Niyyar ba ta da laifi, tunda gwamnati ba ta da guraben da za ta raba wa duk mai kwali. Sai dai a leƙa a ga yadda ake koyar da shi: ɗaruruwan ɗalibai cunkushe a zaure guda, malami na karanto ma'anar kasuwanci daga takarda, su haddace, su juye a jarrabawa, shi ke nan. In an yi ƙoƙari, a nuna musu haɗa sabulun ruwa. Shi kansa malamin, galibi, ƙarshen wata yake jira. Bai taɓa kwana da zullumin kayansa sun yi kwantai ba.

Alhali daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero zuwa Kantin Kwari tafiyar adaidaita sahu ce. A can yaron shago yana koyon taya kaya da sallamawa, da la'adar dillali, da gane baƙon Nijar ko Chadi da za a ɗora wa dilar atamfa bashi ba tare da takarda ba. In ya riƙe amana shekaru, ubangida ya yanka masa jari. Wane aji ne ke auna amana?

Ita ma kasuwar tana da gurguwar ƙafa, kuma a nan jami'a ke da amfani. 'Yan kasuwa da yawa ba sa rubuta lissafi, ba sa raba uwar kuɗi da riba, aljihun cefane da na shago ɗaya ne. Mai dukiya na rasuwa, rabon gado ya watsa abin da ya yi shekara talatin yana tarawa. Rajistar kamfani a CAC, haɗin hannun jari, ajiye lissafi: duk ilimin boko ne.

Don haka a shigo da Alhajin kasuwa aji, a biya shi kamar kowane malami. A tura ɗalibi shago ko masana'anta zango guda, makinsa ya fito daga littafin cinikin da ya riƙe da shaidar ubangidansa.

Kuma a daina yi wa matasa gorin sun ƙi dogaro da kansu. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, wuta kuwa sai ta ga dama. Mai sabulun ruwan nan, a ina zai samo jari?