Kuɗin igiya muke da shi, na magani ne babu?

Tun da wani babba ya faɗa a wajen taron unguwa a nan Uke cewa "masu hankali ma kuɗin maganinsu bai isa ba, balle mahaukata," na kasa samun sukuni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda rabin zauren suka gyaɗa kai. Wannan magana ita ce ra'ayin da ke mulki, daga bakin kasuwa har ofisoshin da ake tsara kasafin kuɗi a Abuja, kuma ƙarya ce.

Da idona na ga daren da ciwon wani saurayi maƙwabcinmu ya tashi. Ya farfasa tagogi, yana ihu yana cewa ana binsa. Mahaifiyarsa ta fito ba mayafi, tana riƙe da waya, ba ta san wa za ta kira ba. 'Yan sintiri ne suka zo da gora. Da igiyar ɗaure akuya aka ɗaure shi, har wuyan hannunsa ya saluɓe, sannan aka yi karo-karo aka ɗauki shatar mota da asuba. Mahaifiyarsa na bin motar tana cewa, "Malam, don Allah ku sassauta masa, ba ɓarawo ba ne." Kuɗin shata, kuɗin 'yan sintiri, kuɗin gyaran taga, duk an biya. To ina maganar babu kuɗi? Talaka na biya tun tuni, sai dai wahala yake saya da shi.

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta tanadi asusu na musamman domin wannan aiki. Mu a kan hanyar Abuja zuwa Keffi ba mu ga ko ƙyallinsa ba. Abin da muke nema ba mai tsada ba ne: ma'aikacin jinya a asibitin sha-ka-tafi wanda aka koya wa yadda ake kwantar da mai taɓin hankali, allura da ƙwayoyi a cikin kabad ɗinsa, lambar waya da za a ɗauka da ƙarfe biyun dare, da babur mai mai a tanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da irin waɗannan ma'aikata, mhGAP, tun 2008.

Za a ce mini ai akwai manyan asibitoci a Barnawa da Kware da Dawanau, ga kuma sashen da ke Karu. Akwai su, sai me? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Masu cewa aikin jinnu ne kuwa, su yi ruƙiyyarsu, ba wanda ya hana, amma a cire sasarin. Mun ga ƙarshen wannan hanya a Rigasa a Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidan mari, wasu da ƙarfe a ƙafa, sannan aka sake gani a Daura a watan da ya biyo baya.

Tsohon ciwona da masu mulkinmu ke nan: son gini. Gini ana yanka masa kirtani, ana ba da kwangilarsa, ana manna masa suna. Albashin malamin asibitin ƙauye ba ya fitowa a talabijin. A Abuja aka zauna a 2001 aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, har yau ba a cika ba. Kuma ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya nuna wa duniya tun 1954 a Aro cewa ana iya jinyar mai taɓin hankali a cikin ƙauye, danginsa na kusa da shi.

Saurayin nan ya dawo gida, yana shan magani, ya koma sana'arsa ta walda. Mahaifiyarsa ba ta yar da igiyar ba, tana rataye a bayan ƙofa, domin har yanzu ba ta da lambar da za ta kira.