A Rushe Tukuna, a Gina Daga Baya? Raddi ga Masu Neman a Soke Inshorar Lafiya

Wata magana ta fara samun gindin zama a majalisun ma'aikata da 'yan boko a Yelwa, kuma masu faɗarta ba mutanen da ake raina iliminsu ba ne. Cewa suke yi inshorar lafiya a Najeriya ta gaza, tun daga ta tarayya har tsarin taimakekeniya na jihohi irin KECHEMA ta nan Kebbi, don haka a soke ta ɗungurungum yanzu, a bar wa kowa kuɗinsa, in ƙura ta lafa a zauna a tsara wani abu mai kyau. Suna cewa da mugun rawa gara ƙin tashi.

Kukansu ba na ƙarya ba ne. Duk wanda ya riƙe kati ya bi layi, aka rubuta masa magani aka ce ya je kemis ya saya, ba ya bukatar a yi masa bayani. Farfesa Usman Yusuf, wanda ya shugabanci hukumar inshorar lafiya ta tarayya, NHIS, daga 2016 zuwa 2019, da bakinsa ya sha zargin kamfanonin HMO, wato dillalan da ke tsakanin hukuma da asibitoci, da danne kuɗin da ya kamata su miƙa. Inda muka raba hanya da malaman nan shi ne wanne za a gabatar, sokewa ko tanadin abin da zai maye gurbi. Karin maganar tasu kuwa ta wanda bai tashi ba ce. Mu mun riga mun shiga fili, akwai mutane a rajista, akwai masu karɓar magani duk wata.

Hujjarsu ta farko: abin bai kai ga kowa ba, to me za a rasa? Suna da lissafi a hannu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na manya ke da inshora, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fitowa. Sai mu ce: a dubi su wane ne a cikin rajistar a yau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Dokar ta ce rabin asusun ya bi ta hannun hukumar inshora, ita kuma ta hannun hukumomin jihohi take sauke shi, don a yi wa masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da marasa galihu rajista ba tare da sun biya ko kwabo ba. Saboda haka ranar da aka rushe hukumar jiha, an toshe bututun da wannan kuɗi ke bi ya iso asibitin mazaɓa a Shanga ko Wara. Ma'aikacin da ke ƙorafi a inuwar majalisa yana da albashi, komai ƙanƙantarsa. Matar masunci da aka yi wa rajista kyauta ba ta da shi, kuma ba a tambaye ta ba. A jihar da binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yara, mafi yawa a duk Najeriya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, ita ma suka fi dogara da ita. Suka ce gwamnati ba ta motsi sai wuta ta kama. Muddin tsohon tsari na nan yana jan ƙafa, ba wanda zai damu ya kawo sabo. Amma in aka wayi gari babu komai, dole ta sa a yi sauri.

An gwada wannan dabara a inda majalisa ta fi tamu kayan aiki. A Amurka, tun da Barack Obama ya sa hannu a dokar inshorarsa a Maris na 2010, 'yan jam'iyyar Rifablikan suka sha alwashin soke ta, suka kaɗa ƙuri'a fiye da sau 50 a majalisar wakilai don sokewa ko rage mata ƙarfi. A 2017 mulki ya dawo hannunsu gaba ɗaya: fadar shugaba, majalisar wakilai da ta dattawa. A nan asiri ya tonu, shekara bakwai suna kiran a soke, ba su taɓa daidaitawa a kan madadin ba. Wasu suka kawo shawara irin ta 'yan'uwanmu na Yelwa, a soke yanzu, a jinkirta aiwatarwa shekara biyu, kafin nan an samo mafita. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar ya lissafa cewa sokewa ba madadi za ta ƙara mutum miliyan 32 a kan marasa inshora zuwa 2026. Shawarar ta faɗi a majalisar dattawa da ƙuri'a 45 da 55. Kwana biyu bayan nan, a ranar 28 ga Yuli, Sanata John McCain ya bi sahun 'yan jam'iyyarsa ta Rifablikan Susan Collins da Lisa Murkowski wajen ƙin amincewa, yunƙurin ƙarshe ya faɗi da 49 da 51.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma a Birnin Kebbi ma haka zai kasance. Masu son a soke taron dangi ne na mutanen da ba abin da ya haɗa su sai ƙin abin da ke ƙasa. Wannan yana so gwamnati ta ɗauke jinya kyauta, wancan yana so ta tsame hannunta kwata-kwata, wani haramci yake gani, wani kuɗinsa kawai yake so. Ranar sokewa hannu ɗaya za su ɗaga. Washegari, da an ce a rubuta madadi, kowa zai kama gabansa, majinyaci kuwa yana kwance yana jira.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A 2007 aka fara inshorar al'umma a Shonga ta Jihar Kwara, can gangaren kogin Neja namu, da tallafin ƙasar Holan, manoma na biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a shekara. Aka dakatar da ita a 2016 da niyyar kawo ta jiha baki ɗaya. Doka ta fito a 2017, amma sai da aka share shekaru kafin talakan karkara ya sake riƙe kati mai aiki, kuma a tsakanin nan aljihunsa ya koma. Sauyin kuɗi ma ba mu manta ba: Babban Banki ya janye tsofaffin takardun 200, 500 da 1000 a farkon 2023 sababbi ba su wadata ba, mai kifi da mai albasa suka rasa mai saye a kasuwa, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zama doka ba sai a Yulin 2024. A cikin ukun nan, wanne ne wahala ta sa gwamnati ta yi sauri?

Inshora kuma tana da wani rauni da man fetur ba shi da shi. Amana ce jarinta. Asibiti na karɓar kuɗi a kan kowane mai rajista kafin ya yi ciwo, da shi yake sayen magani ya ajiye. Da an ji ƙishin-ƙishin za a soke, masu lafiya ne ke fara daina biya, masu ciwo su rage a ciki, asusu ya bushe tun kafin ranar da aka sa. Sannan mutumin ƙauye da aka sha wuya kafin ya yarda ya ba da sunansa da na iyalinsa, in aka ce masa katin ya mutu, a je a dawo da shi karo na biyu mu gani. Hawan jini, ciwon suga da sikila kuwa ba su san hutun majalisa ba, cikin da ya kai wata tara ma haka.

Hujja ta uku ta addini ce, kuma ta cancanci a amsa ta da ladabi. Suka ce inshora akwai garari, wato rashin tabbas, da kamannin caca a cikinta, haram kuwa ba a jira a samo madadinta kafin a bar ta. To a duba abin da malaman da suka haramta ɗin suka yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci, amma a cikin wannan ƙuduri ɗaya ta bayyana halaccin ta taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai, ta kuma yi kira ga ƙasashe su kafa irinta. Ba don banza ba jihohinmu na Kebbi, Sakkwato, Kano da Katsina suka gina nasu a kan gudummawa da taimakekeniya. Asalinsa sananne ne a hadisin Ash'ariyawa, waɗanda in guzuri ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. In akwai kusurwar da riba ko garari ya shiga, a nuna ta a gyara ta, wannan aikin malamai ne kuma muna maraba.

Ko da mun sallama cewa akwai munkari a ciki, Ibnul Ƙayyim a I'ilamul Muwaƙƙi'ina ya kasa kawar da munkari gida huɗu: ya gushe alheri ya maye gurbinsa, ya ragu, makamancinsa ya gaje shi, ko mafi muni ya gaje shi. Na ƙarshen nan ya ce haram ne. Mace mai doguwar naƙuda da za a tsallako da ita a jirgin ruwa, sannan a tsaya sayar da akuya kafin a shiga da ita tiyata, a wane gida za mu sa ta? Wani zai ce ai jumhurun malaman usulu sun halatta shafe hukunci ba tare da madadi ba. Haka ne, Imam Shafi'i ne ya tafi a kan cewa ba a ɗauke farilla sai an aza wata, kamar yadda Ka'aba ta maye gurbin Baitul Maƙdis. Sai dai misalin da jumhuru ke kawowa, ɗauke sadakar da ake gabatarwa kafin ganawa da Annabi (SAW) a Suratul Mujadala, sauke nauyi ne daga kan mutane. Abin da ake nema a nan janye rufin asiri ne daga marasa ƙarfi, ƙiyasin bai hau ba.

Hujja ta huɗu: ba a gini a kan ruɓaɓɓen tushe. Mutanen ƙasar Yauri su ne bai kamata su faɗi wannan ba. Lokacin da ake gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, an tayar da mutum fiye da 40,000 daga tsibirai da gaɓar kogi, har da garin Bussa kacokan. Gidajen siminti da aka gina musu ba su yi wa kowa daɗi ba, Gungawa sun yi asarar fadamun da suka gada, tsofaffi har yau suna da abin faɗa. Duk da haka an gina sababbin matsugunai kafin ruwa ya hau, ba wanda ya ce a cika tafki tukuna don wuya ta sa a hanzarta gini. A fagen inshorar kanta ma an yi hakan. Dokar NHIS ta samo asali daga dokar soja ta 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005. Da Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA a Mayun 2022, takarda ɗaya ce ta soke tsohuwar ta kafa sabuwar, ta mayar da inshora wajibi, ta tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai rufe mutum miliyan 83. Alƙawarin nan bai cika ba tukuna, kuma a nan ya kamata masu zafin kai su juya fushinsu. Amma ba wanda ya kwana da kati ya tashi ba shi da komai.

Batun a bar wa kowa kuɗinsa ba ya bukatar dogon zance. Abin da ake yanka a wata ba zai biya leda biyu ta jini ba, balle tafiya asibitin koyarwa na Sakkwato, kuma waɗanda aka yi wa rajista kyauta ba su da abin da za a mayar musu.

Akwai abubuwan da za a iya sokewa gobe da safe ba tare da jiran komai ba: lasisin kamfanin da ya riƙe kuɗin asibiti, sunayen bogi a rajista, kwangilar asibitin da ke karɓar kuɗi yana cewa ba magani. Wanda kuma yake ganin tsarin gaba ɗaya ne bai da gyara, yana da wakilai a majalisar dokoki ta Birnin Kebbi daga Yauri, Ngaski da Shanga. Ya rubuto ƙudirinsa, ya faɗi inda kuɗin zai fito, da hukumar da za ta karɓi kason jiha daga asusun tarayya, da wanda zai biya maganin masu rajista a watannin sauyi, sannan ya sa sakin layin sokewa a shafin ƙarshe. In ya kawo wannan, sai mu zauna mu karanta shi sashe-sashe.