Gwajin ANA Ya Nuna Akwai: Shin Lupus Ce?

A 'yan shekarun nan ɗakunan gwaji masu zaman kansu sun yawaita, majinyata kuma suna zuwa wurin likita da sakamakon ANA a hannu, hankali a tashe. Gwajin yana gano sinadaran da garkuwar jiki ke ƙerawa a kan jikin kansa, amma ana samun su har a jinin wasu masu lafiya. Shi kaɗai ba ya tabbatar da cuta.

Ko da akwai cuta, ba lallai lupus ce zalla ba. A 1972 Dakta Gordon Sharp ya bayyana cutar MCTD, wadda ke haɗa alamomin lupus, taurin fata da kumburin tsoka, kuma ana gane ta da sinadarin anti-U1-RNP. Ta fi kama mata. Hannaye su kumbura, gaɓoɓi su yi ciwo, yatsu su yi fari ko shuɗi lokacin hunturu.

Babban haɗarinta shi ne hawan jini a jijiyoyin huhu. Don haka idan an sha maganin maleriya sau da yawa ciwon gaɓoɓi bai tafi ba, a nemi likitan gaɓoɓi, a kuma duba huhu da zuciya tun kafin numfashi ya fara yin wuya.