RA'AYI: Gasar fatsa a teku: A fara da masunta kafin a gayyato baƙi

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agusta 2023, kusan duk maganar da ake yi ta tashoshin jiragen ruwa ce da harajin kaya. Akwai wata ƙofar samu da har yanzu ba a waiwaya ba, wato kamun kifi na nishaɗi da gasannin da ake shiryawa a kansa, alhali Najeriya na da gaɓar teku da ta kai kimanin kilomita 850, daga Badagry zuwa Kuros Riba.

Wasu ƙasashen yammacin Afirka sun daɗe suna cin wannan moriya. Masu hali daga Turai da Amurka kan yi takakka zuwa garin Mindelo na ƙasar Kef Bade domin farautar malin, ƙaton kifin nan mai baki kamar mashi. A tsibirin Rubane na Gini Bisau ne aka kama wani kifin tafon mai nauyin kusan kilo 130 a shekarar 2003, wanda ƙungiyar IGFA mai adana tarihin wannan wasa ta rubuta a matsayin bajintar duniya. Baƙon da ya zo irin wannan farauta yakan biya kuɗin jirgi da matuƙi, da masauki da abinci, na kwanaki a jere. A yawancin gasannin zamani kuma, idan aka ja kifin zuwa gefen jirgi sai a ɗauki hotonsa, a zare ƙugiya a sake shi. Ta haka kifi ɗaya zai iya kawo kuɗi sau da dama, maimakon sau ɗaya a kan teburin mai sayarwa.

Sai dai kafin gwamnati ta yi rawar ƙafar shirya biki, ya kamata ta duba wanda ruwan yake ciyarwa. Masuntan Epe da Ilaje da Bonny da Ibeno sun daɗe suna kuka da raguwar kifi. Malalar ɗanyen mai ta lalata magudanan da ƙananan kifi ke girma a Neja Delta, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni ya nuna a 2011. Dokokin kamun kifi na 1992 sun hana manyan jiragen da ke jan koma shiga mil biyar na farko daga gaɓa, amma masu kwale-kwale na yawan ƙorafin cewa ana keta wannan iyaka, har a yaga musu raga. Idan aka ƙara musu da jiragen attajirai ba tare da wani tsari ba, an ɗora wa mai kaya wani kayan ke nan.

A nan bikin Argungu yake da darasi, duk da cewa a kogi ake yin sa. Tun 1934 ake gudanar da shi, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Abin da ya raya shi har yau shi ne cewa na mutanen wurin ne. Ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ne ke da ta cewa, masu shiga ruwa da homa da gora kuma 'ya'yan masunta ne, baƙi kallo suke zuwa yi. Abin da bai dace a kwafa ba shi ne bayar da kyauta ga wanda ya fito da kifi mafi girma, domin a jinsin malin manyan su ne mata masu ƙwai, kuma kashe su na rage iri.

Masu cewa wannan wasan 'yan gayu ne a ƙasar da ke shigo da daskararren kifi daga waje suna da hujja. Amsarsu tana cikin sharuɗɗan lasisi. A wajabta sakin manyan kifaye da rai. A wajabta ɗaukar matuƙa da jagorori daga ƙauyukan masunta, domin su ne suka san igiyar ruwa da lokacin zuwan kowane kifi. A ware wani kaso na kuɗin shiga gasa domin gina wuraren sanyaya kifi a waɗannan ƙauyuka, sannan a riƙa miƙa wa cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas bayanan duk abin da aka kama.

Wanda ya rigaye ka kwana dole ya riga ka tashi. Masunta sun riga kowa zama a wannan gaɓa, don haka da su ya kamata ma'aikatar da gwamnatocin jihohin bakin teku su fara zama. Idan aka tsare musu mil biyar ɗin da doka ta ba su, aka kuma rubuta kasonsu a takarda, sai a buga gangar gasa.