Maƙeran Agye, Gazawa da Gidan Rumji: Rumfar da ke riƙe da mutanenta na bukatar a riƙe ta

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ya ratsa Gidan Rumji, ya wuce mararrabar Maraɗi, ya bi ta Cadawa da Agye har Gazawa, ba zai rasa jin ƙarar masaba a bakin kasuwa ba, musamman a watan Mayu da Yuni lokacin da hadari ya fara haɗuwa. A wannan lokacin ne manoma ke layi a rumfar maƙera: wannan ya kawo hauya a yi mata baki, wancan gatarinsa ya dakushe, wani kuma amalankensa ne ya karye alhali ga taki na jira a kai gona. A ƙarƙashin rumfar za a ga mutum uku ko huɗu, yaro na zuga, wani ya riƙe jan ƙarfe da awartaki a kan uwar maƙera, wani na dukansa.

Mai wucewa kayan aiki kawai yake gani. Abin da ba ya gani shi ne waɗannan mutane su ne asibitin juna, su ne bankin juna, su ne kuma masu ɗaukar gawar juna. Wannan zumunci shi ya riƙe ƙira a karkarar jihar Maraɗi har ta kawo yau, kuma shi ne yanzu ke neman sukurkucewa. Duk mai son taimaka wa maƙera, ko matashin birni ne ko wanda ke ci-rani a waje, ya kamata ya fara da fahimtar wannan, domin taimakon da ya tsallake rumfa ya nufi mutum ɗaya ba ya daɗewa.

A gundumomin nan uku, maƙeri manomi ne kamar kowa. Da damina yana gonarsa ta gero da wake da gyaɗa, da rani ya koma bakin wuta. Ba shi da albashi, ba shi da fansho. Asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, an gina shi ne domin masu ɗaukar albashi, don haka ranar da tartsatsi ya faɗa wa maƙeri a ido, ko masaba ta murƙushe masa yatsa, ko bayansa ya riƙe bayan shekaru talatin na sunkuyo, babu wata takarda da zai cike a biya shi ko dala.

Abin da ke faruwa a irin wannan rana sananne ne ga duk wanda ya tashi a ƙauye. 'Yan uwansa maƙera su ne za su ƙarasa aikin da ya karɓa, a kai masa kuɗin har gida. Wanda gawayinsa ya ƙare ya ɗebi na maƙwabci. Wanda masabarsa ta tsage ya ari ta wani har ya samu sukunin yin tasa. In maƙeri ya rasu ya bar yara ƙanana, ƙanensa ko wani abokin sana'a ya ɗauki babban ya zaunar da shi a bakin zugazugi har ya iya. In rigima ta tashi a kan ciniki ko a kan yaron da ya gudu daga wannan rumfa ya koma waccan, Sarkin Maƙera ne ke zaunar da su kafin magana ta kai gaban mai gari. Tsakaninsu da manoma ma akwai tsohuwar amana: a yi wa mutum aiki da bazara lokacin da babu ko sisi a hannunsa, ya biya da damin hatsi in kaka ta yi.

Masu zama a Turai da Amurka sun san wani abin mamaki. A can, bayan masana'antu sun kusa kashe ƙirar hannu, mutane sun dawo mata don sha'awa. A shekarar 1973 wasu maƙera suka kafa ƙungiyar ABANA a garin Lumpkin na jihar Jojiya a Amurka, a Ingila ma aka kafa makamanciyarta a 1978. A 2015 aka fara nuna shirin talabijin na gasar ƙira mai suna Forged in Fire. Likitoci da malaman makaranta da tsofaffin sojoji na biyan kuɗi a koya musu yadda ake hura wuta da lanƙwasa ƙarfe a ranakun hutu. Kuma in aka saurari abin da ke mayar da su rumfar kowane mako, ba wuƙar da suka ƙera ba ce kawai. Wanda aurensa ya mutu, da wanda ya rasa aiki, da wanda ya dawo daga yaƙi barci ya gagare shi, duk suna samun wanda za su zauna da shi, hannu na aiki, baki na faɗin abin da ke ci a rai.

Wato abin da Bature ke sayen sa da kuɗi, ɗan Gangara ko Tsibiri ya gaje shi kyauta. Amma ɗan maƙerin da ya je makaranta a Maraɗi ko Katsina sau da yawa yakan ɓoye sana'ar gidansu, kamar abin kunya ne. Wannan raini na cikin abubuwan da ke cin rumfar ta ƙarƙashi, domin zumuncin sana'a ba ya tafiya sai da matasa masu jini a jika da za su ɗauki nauyin tsofaffi.

Raini ba shi kaɗai ba ne. Na farko akwai maganar ƙarfe. An daɗe da daina narka tama a wannan yanki. Maƙeri na yau da tsohon ƙarfen mota yake aiki, sifirin da gatarin ƙafa da guntayen shasi. Wannan ƙarfen kuwa yanzu yana da masu neman sa da yawa, 'yan gwangwan na bi gida-gida suna saye a kan sikeli ana loda wa manyan motoci. Maƙerin da ke sayen kilo biyar ba zai iya gasa da mai sayen tan ba. Ga kuma iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ECOWAS ya sake toshe hanya har zuwa farkon 2024. Duk wanda ya san yadda kasuwannin Maraɗi ke numfashi da na Jibiya da Katsina da Kano ya san ƙananan masu sana'a ne suka fi shan wuya a waɗannan lokuta.

Na biyu, tsaro. Gundumar Gidan Rumji na iyaka da Najeriya, kuma tun 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar shanu da garkuwa da mutane sun tsallako su ma. Manomin da aka kore wa shanun huɗa ba ya kawo garma gyara. Wanda ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin fansa ba shi da damin da zai biya maƙeri. Bashin amana da aka saba ci da bazara ya zama bashin da ba a san ranar biyansa ba.

Na uku, ci-rani. In samari uku cikin biyar na rumfa ɗaya suka tafi Agadas ko Libiya ko Legas, waɗanda suka rage ba su isa su ɗauki aikin maras lafiya a kan nasu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle masaba da awartaki a lokaci guda.

Akwai masu ganin wannan kuka ne a kan abin da lokacinsa ya wuce. Suna cewa kayan masana'anta sun fi arha, masu walda sun karɓe ƙofa da taga da gado, don haka a bar ƙira ta mutu mutuwar Allah da Annabi. Amsar tana gona. Yawancin noman wannan yanki har gobe da hannu da dabba ake yin sa. Hauyar da ta dace da jigawar Agye ba ita ta dace da fadamar Gulbin Maraɗi ba, kuma maƙerin gari ne ya san bambancin, shi ne kuma zai gyara ta a yini ɗaya a lokacin da jinkirin kwana uku ke nufin ciyawa ta cinye shuka. Kayan kanti in ya karye sai a jefar.

Akwai zargi biyu kuma da bai kamata a kauce musu ba. Na farko, ana cewa wasu maƙera na ƙera bindigogi da ke faɗawa hannun ɓata-gari. Ba za a rantse a kan kowa ba. Amma wa ya fi sanin wanda ke aikin dare a bayan gida in ba 'yan uwansa maƙera ba? Rumfar da ke da shugaba mai faɗa a ji, wadda kowa ke cin moriyarta yana tsoron a cire shi, ita ce ke iya tsawata wa nata. Maƙerin da yunwa ta ware shi, babu mai ba shi aro, babu mai tambayarsa, shi ne mai sauƙin saye. Rushewar zumuncin sana'a matsalar tsaro ce, ya kamata mahukunta su ɗauke ta haka.

Zargi na biyu shi ne gawayi. Gaskiya ne maƙera sun fi son gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, kuma ƙirya ta yi ƙaranci. Sai dai maganin wannan ma a yankin aka gano shi. A Maraɗi ne Tony Rinaudo da manoma suka fara sassabin zamani a 1983, wato barin kututturen itace ya tofo a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a duniya saboda kwamitin da mutanensa suka kafa na tsaron itatuwa. Babu abin da zai hana a ba maƙera kujera a irin waɗannan kwamitoci, a ware musu rassan da aka sassabe, su kuma su ɗauki nauyin renon ƙirya. Mai bukatar itace na shekara ashirin masu zuwa ya fi kowa dalilin kare shi.

To me ya kamata a yi? Misali yana nan kusa. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991: mata su haɗu, kowa ta zuba abin da ta iya duk mako, a ba da rance daga akwati, a ware wani kaso domin rashin lafiya da rasuwa. Wannan dabara ta ƙauyukan Maraɗi ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Matan maƙera da yawa sun san ta ciki da waje. Abin da ya rage shi ne mazajensu su ajiye girman kai su koya daga gare su, su mayar da taimakon da suke yi da ka zuwa asusu mai littafi da ma'aji, wanda zai iya sayen ƙarfe da yawa a lokacin da yake arha, ya kuma biya kuɗin asibiti ba tare da an sayar da uwar maƙera ba.

A nan ne 'yan ci-rani ke da rawar takawa. Kuɗin da ake turowa gida yawanci a bakin tukunya da biki yake ƙarewa, kuma ba laifi ba ne. Amma ƙungiyoyin 'yan gari da ke Kano ko Abidjan ko Faransa, waɗanda ke haɗa kuɗin gyaran masallaci da rijiya, za su iya sa rumfar maƙeran garinsu a lissafi: injin zuga mai aiki da hasken rana, tabarau na kare ido, dutsen wasa wuƙa na lantarki, jarin ƙarfe na shekara guda. Sharaɗin kawai a damƙa wa rumfar gaba ɗaya a gaban Sarkin Maƙera, kada a ba mutum ɗaya. Kayan da aka ba mutum ɗaya yakan haifar da hassada, ranar da ya shiga matsi kuma kasuwa zai kai shi. Na jama'a yana da masu gadi.

Hukumomi ma da nasu. Akwai majalisar masu sana'ar hannu ta ƙasa, CMANI, akwai asusun FAFPA na koyar da sana'a, ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo duk a Maraɗi. Ɗaliban da ke neman abin bincike ba sai sun je nesa ba: murhun da zai rage cin gawayi da na'urar shuka da jaki zai iya ja suna jiran wanda zai zauna da maƙeri su gwada. Kananan hukumomin Agye da Cadawa da Gazawa da Tsibiri kuma, in za su raba kayan noma, su fara ba maƙeran yankinsu kwangilar kafin su aika a sayo daga waje.

Su ma maƙeran akwai abin da ya rage gare su. Al'adar cewa sai ɗan gado ne zai taɓa masaba ta yi amfani a zamanin da 'ya'ya ke zama gida. Yau 'ya'yan gado na tafiya, ga kuma samarin da suka yi gudun hijira zaune a Cadakori babu aikin yi, wasunsu ma daga gidan ƙira suka fito. Rumfar da ta buɗe musu ƙofa ta samu hannu, su kuma sun samu dangi.

Damina mai zuwa manomi zai sake ɗaukar hauyarsa ya nufi bakin kasuwa. Ko zai tarar da wuta na ci, ya danganta da ko maƙerin da ya kwanta ciwo a wannan rani ya samu wanda ya riƙe masa zugazugi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.