Zuwa Ga Matasanmu Masu Aikin Lambu a Kalifoniya: Ku Janye Tiyo Daga Gindin Manzanita



Yabon gwani ya zama dole, da shi zan fara. Tun farin da aka yi daga 2012 zuwa 2016, musamman bayan Gwamna Jerry Brown ya ba da umarni a Afrilun 2015 cewa birane su rage kashi 25 cikin 100 na ruwan da suke amfani da shi, jama'a suka shiga tumɓuke ciyawar ƙofar gida suna dasa itatuwan ƙasar. Da guminku a wannan aiki. Kuna sammako, ba ku da ƙyuya. Allah ya yi muku albarka.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. A tsakiyar Agusta na bi ta gaban wani ofishi, na ga manzanita a jere, fiye da rabinsu sun mutu a tsaye, ganyen ya koma ruwan ƙasa bai ko zube ba. Na durƙusa na tona gindin ɗaya da yatsa. Ƙasar jagab take, da ɗumi kamar kunun da ya fara hucewa. Ga siririn tiyon ɗigo an naɗe wa itacen a wuya, ga tulin ɓawon katako an rufe shi. Na kankare saiwar da farce, baƙa, tana wari. Ɗanmu ne ya saita agogon ban ruwan. Da na tambaye shi sai ya ce, "Baba, zafi ne ya yi yawa, shi ya sa na ƙara musu."

Na san inda wannan tunani ya fito, domin da shi ni ma na zo. A gida ruwa da ɗumi tare suke tafiya: damina ta sauka, ƙasa da zafinta, gero ya yi ta tashi. Nan kuwa an juya mana ƙwarya. Ruwa yana zuwa ne da sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, sannan sama ta ɗauke kusan wata shida. A kan wannan tsari aka halicci manzanita. Ku dubi ganyenta, mai kauri kamar fata, da yawa a tsaye suke suna ba rana gefe don kada ta ƙona su. Lokacin zafi lokacin barcinta ne. In ka haɗa mata ɗumi da danshi, ka shimfiɗa wa Fitoftora tabarma, cutar nan mai kama da funfuna da ke ruɓar da saiwa. Mugun abin shi ne, itacen da saiwarsa ta ruɓe kamannin mai ƙishirwa yake yi, sai ka tausaya ka ƙara ruwa, ka ƙarasa shi. Cikinku wa ya taɓa ganin an bi sabara da bokiti a gida a watan Maris?

Ubangidana na farko, wani dattijo ɗan Meziko, Allah ya saka masa, shi ya gaya mini sunan da Sifaniyanci yana nufin 'yar tuffa, saboda 'ya'yanta. Shi ne kuma ya ƙwace tiyo daga hannuna bayan na kashe masa guda uku a shekarar farko. Har yau ina jin ciwon wannan asara. Abin da ya koya mini bai da yawa. A dasa a Oktoba ko Nuwamba, ruwan sama ya yi renon. A zaɓi ƙarama, ba wadda saiwarta ta nannaɗe a roba ba. Wuyan itacen ya ɗan ɗara ƙasa tsayi. Ba taki, ko na shanu ko na zamani, domin saiwarta tana da abokan zama a ƙasa, wasu zarurrukan funfuna masu kawo mata abinci. Zafin shekarar farko da ta biyu a shayar da ita sosai amma jefi-jefi, da sassafe, ranar da gari ya yi sanyi, nesa da gindi. Daga nan a naɗe tiyo. In maigida ya dage sai an dasa kusa da inda ake ban ruwa, ku nemo masa irin da ake kira Howard McMinn, ta fi sauran haƙuri da ruwan lambu.

Magabatan wannan sana'a da ƙafa suka koya. Theodore Payne ya zo daga Ingila a 1893, ya ƙare rayuwarsa yana roƙon mutanen Los Anjeles su daraja tsirran ƙasarsu. Lester Rowntree, mace ita kaɗai a mota, tana kwana a duwatsu tana tara iri, kafin ta rubuta littafinta kan ƙananan itatuwan jihar a 1939. Sun je sun ga itacen a gidansa, a kan gangare mai tsakuwa. Ku kuwa, ku gafarce ni, wasunku sun shekara biyar suna dasa ta ba su taɓa hawa tudu sun ga yadda take zaune ba. Jinsinta fiye da 50 ne a jihar nan, wasu a tudu ɗaya tak suke a duniya. Ta San Faransisko an ɗauka ta ƙare a daji tun 1947, sai a 2009 wani mai suna Daniel Gluesenkamp ya hango guda ɗaya daga cikin mota a bakin hanyar gadar Golden Gate, aka ɗauke ta da ƙugiya aka sake mata wuri. Irin wannan dangi kuke shaƙewa da tiyo.

Sai kuma aski. Wa ya ce muku kowane itace sai an mai da shi ƙwallo? Kyan manzanita a jikinta yake, jan ɓawo mai santsi da sanyi a tafin hannu, wanda ke saɓulewa da zafi yana nannaɗewa, sabo ya fito. Injin aske shinge yana ɓoye wannan duka. Ga kuma babbar ɓarna: tun ƙarshen bazara take ɗaura 'yan hudar furenta a bakin rassa, su yi ta rataye wata da watanni har Janairu. Ka aske a Satumba, ka zubar da furen shekara, ka hana ƙudan zuma da ɗan tsuntsun nan mai tsotsar fure abincinsu a lokacin da fure ya yi ƙaranci. Yawancin irin da muke dasawa ba sa toho daga tsohon reshe, ramin da ka yi ya zauna ke nan. Almakashin hannu ya isa: a cire busasshe da mai jan ƙasa, lokacin da gari yake bushe ƙayau, don ciwon ya kame.

Na san za ku ce maigida ne ke son ganin ruwa yana zuba, in bai gani ba ya ce ba a aiki. Gaskiya ne, ni ma an faɗa mini. To ku kai shi gindin wadda ta mutu, ku sa masa yatsa a ƙasar.

In na yi zafi ku yafe mini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗan nan da ya saita agogon ya yi mini alkawarin za mu tone matattun tare. Mun sa rana a ƙarshen Oktoba, bayan ruwan farko. Wanda yake da sarari ya zo da shebur ɗinsa.

Naku,
Tsohon mai lambu