Daga Dachau zuwa IDH Kano: Dalilin da ya sa iyaye ke tambaya kafin allura

Da zarar zafi ya kankama, maganar sanƙarau kan dawo bakin mutane a Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi. Jigawa da ke maƙwabtaka da su na cikin jihohin da aka fara kai sabuwar allurar Men5CV a 2024, shekarar da Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita. Sai dai magidancin da ya tsare ma'aikacin lafiya da tambayar ko allurar mece ce, ba lallai jahilci ke damunsa ba. Tambayar tasa tana da tarihi.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, likitocin Nazi sun mayar da fursunoni abin gwaji. A sansanin Dachau, Dokta Claus Schilling ya sanya wa mutum fiye da 1,000 zazzaɓin cizon sauro da gangan don ya gwada magunguna. An rataye shi a 1946. Shekara guda bayan haka, kotun Nuremberg ta yanke wa mutum 7 cikin 23 hukuncin kisa, ta kuma shimfiɗa ƙa'idoji 10. Ta farkonsu: ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa, bayan ya san abin da za a yi masa.

Kusan shekara 50 bayan haka, a 1996, sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya. Ana tsakiyar annobar, tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wato IDH, ta ɗauki yara kimanin 200. Kusan rabinsu aka ba sabon magani Trovan, sauran kuma ceftriaxone, amma ƙasa da ma'aunin da aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗayan. Wasu sun tashi da kurumta ko shanyewar jiki, wanda kamfanin ya ce aikin cutar ce. Ya kuma dage cewa an nemi izinin iyaye da baki, da Hausa. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ko cewa likitocin MSF na ba da maganin da aka sani kyauta a harabar asibitin.

IDH ba sansanin gwale-gwale ba ne, ba a kuma tsare kowa da bindiga ba. Haɗa su kai tsaye wuce gona da iri ne. Amma uwar da ke riƙe da yaro wuyansa ya sandare, zaɓi nawa gare ta? A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta dogara da ƙa'idojin Nuremberg ta ce iyayen na da damar shigar da ƙara. A shekarar ne Pfizer ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba. Sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta.

Tsadar da ta fi wannan ita ce ta 2003, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan-inna kusan shekara guda. Zargin da aka yi wa allurar bai tabbata ba, yara ne suka biya da ƙafafunsu, cutar kuma ta tsallaka har Indonesiya.

Men5CV ba gwaji ba ce, ta samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2023. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta rubutaccen izini kafin a yi bincike a jikin mutum. Abin da ya rage shi ne takardar da aka rubuta da Turanci, aka miƙa wa manomin Kademi da ajami kawai yake karantawa, aka ce ya dangwala.